Ƙullin Kaba a Bakin Banda

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Daga ƙaninka Shu'ibu mai bandar kifi, mazaunin Tudun Goriba a fadamar Haɗeja, zuwa ga yayana Haladu a Salaga ta ƙasar Gwanja. Gaisuwa mai yawa da girmamawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Kulu da yara, ya sa albarka a fataucinka, ya tsare ku daga ciwon baƙuwar ƙasa da sharrin hanya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Madugu Garba zai tashi da ayarinsa idan wata ya kama, shi ya sa na zauna na rubuta. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san tun muna makarantar allo hannuna ya fi sanin wuƙa da alƙalami.

Labarin gida babu na tashin hankali. 'Yata Asabe ta sauka lafiya a Kaugama, an sami namiji, an sa masa sunan Baba, Allah ya jiƙansa. Na je suna na kwana biyu na dawo, kuma ba zan ɓoye maka ba, da na ɗauki jaririn sai da idona ya kawo ruwa, don goshin matata Saude ne sak, ita kuwa ba ta nan balle ta gani. Ɗakin Inna na cikin gari ya sha ruwa bana, katangar yamma ta zube, na sa an ɗan tayar da ita don kada awakin maƙwabta su mai da shi gidansu. Gulbi ya cika bana fiye da bara, shinkafar bakin fadama ta yi kyau, yanzu kuma ruwa ya fara janyewa, kifi ya taru a tafkuna, tarwaɗa har ta yi wa masunta yawa. Da a ce shekarun baya ne, da yanzu ina rubuta maka da dariya a bakina.

Yaya, maganar da ta sa na ɗauki alƙalami maganar Ranau ce. Na san da ka ji sunan za ka ɓata fuska, amma ka daure ka karanta har ƙarshe, ko don darajar nonon da muka sha. Kai sau ɗaya ka gan shi, kuma abin da ka gani Bamaguje ne mai laya a dantse da warin kifi a jiki. Ni kuwa tun kafin a yaye Asabe muke tare. Shi ne mai ruwa, ni ne mai wuta. Shi ya san inda ake kafa gura, wato tarkon kifin nan na saƙa, shi danginsa masunta suke kawo wa kamu. Ni kuma in fasa, in wanke, in lanƙwasa tarwaɗa a kan tsinke, in jera a gadon banda, in kai kasuwa idan ta bushe. Abin da aka samu mu raba biyu, kuma ban taɓa kwana da zargin ya cuce ni ba.

Ka manta da aikin nan tun da ka bi goro, bari in tuna maka. Wutar banda ba wutar tuwo ba ce da za a hura a tafi hira. Hayaƙi ake so, ba harshen wuta ba. Idan man tarwaɗa ya fara ɗiga, ko mutum ya juya baya ya sha ruwa sai ta kama, idan kuma ta mutu kifin ya yi sanyi ƙuda ya sauka, shi ke nan sai tsutsa. Kwanaki ake yi ana lallaɓa ta ana juya kifi. Kuma kifi bai san Alhamis ba bai san Juma'a ba, ranar da ya zo ranar ya zo. Daga Tudun Goriba zuwa masallacin Juma'a na Haɗeja kuwa, idan na fita da sassafe sai rana ta yi ja nake dawowa. Ka gaya mini yadda mutum ɗaya zai haɗa waɗannan biyun.

Ranau ne ya haɗa mini su. Tun shekararmu ta farko ya lura da yadda nake kai da kawowa idan Juma'a ta zo, sai ya ce in tafi wurin Ubangijina, shi babu mai jiransa a ranar. Shi kuma a gidansu sun gaji wani abu daga kakanni: ranar Lahadi ba sa shiga ruwa, ba sa taɓa komar kamun kifi ko gura, wai ranar ta masu ruwan ce. Ni ban yarda da wannan ba, na kuma faɗa masa a fuska ba sau ɗaya ba. Amma gura idan ta kwana cike ba a kwashe ba, tsari, ɗan'uwan guza na bakin ruwa, shi ne zai fasa ta ya ci rabonsa ya bar mana kara. Sai na ce ni zan riƙa kwashe masa ranar Lahadi. Na tambaye shi cikin tsokana ko masu ruwan ba za su kama ni ba, ya ce ai da kakansa suka yi alkawari, ba da nawa ba, in shiga abina. Tun daga nan yake kirana Mai Juma'a, ni kuma in kira shi Mai Lahadi.

Akwai wata 'yar alama da muka saba. Duk wanda ya juya kifi, sai ya yanki ɗanyen kaba ya ƙulla shi ya soke a bakin gadon banda, don wanda ya zo bayansa ya san an juya, kada ya sake juyawa kifin ya farfashe. Ni ƙulli ɗaya nake yi. Shi kuwa sai ya yi biyu ya bar jela doguwa, wai nawa ƙullin na malalata ne. Idan na dawo daga gari ranar Juma'a, ƙafafuna duk laka, kafin in yi sallama idona na kan kabar nan. Sai in zauna in ba shi labarin gari, wa ya mutu, wa ya yi aure, nawa ake sayar da gishiri. Ranar Lahadi kuma shi ne zai zauna a gindin goriba, hannu a cinya, yana kallona ina fama da gura, yana ba ni labarin ambaliyar zamanin kakansa, yana gyara mini aikin da baki. Bayan rasuwar Saude, waɗannan ranaku biyu su ne suka riƙe ni. Na kira shi zuwa Musulunci har na rasa adadi, kullum ya ce yana tunani, kuma har gobe ina yi masa addu'ar shiriya a sujada.

Sai ka zo ta'aziyyar Inna bara. Na ji daɗin zuwanka, Allah ya sani, shekaru nawa rabon da in ga fuskarka. Ka tuna ranar da ka biyo ni Tudun Goriba. Ranau ya ji babban wana ya zo daga Gwanja, ya shiga ruwa tun da asuba ya zaɓo giwan ruwa, ya gasa da hannunsa, ya kawo maka a kan sabon faifai, ya durƙusa kamar yadda suke yi wa manya. Ba ka karɓa ba. Ka juyo ka dube ni, da shi a durƙushe, ka ce ashe abin da na zama ke nan bayan Baba, ina cin abinci da hannun arne, ina yi masa aikin ranar tsafinsa. Ka ce muddin kai ne babba a gidanmu ba ka yarda da wannan tarayya ba, kuma addinina ba zai gyaru ba sai na rabu da shi. Na san baƙin cikin Inna ne yake cin ka a lokacin, kuma na san don kishina ka faɗa. Amma Yaya, ko yaron da ya fara karatun fiƙihu ya san kifi ba a yanka shi, balle a tambayi wa ya yanka.

Ka tafi bayan kwana kaɗan, ka bar maganar a nan. Ni na ɗauka za ta wuce kamar yadda faɗanka yake wucewa tun muna yara. Na ce wa Ranau ya manta, halinka ne, bakinka ya fi zuciyarka zafi. Ya ci gaba da aiki har kakar ta ƙare, muka raba abin da muka samu. Sannan ya kwashe gurarsa ya ɗora a jirgi. Ya ce a wurinsu maganar babban wa bayan uba ita ce maganar uba, kuma shi ba zai zama dalilin da ɗan'uwa zai tsallake maganar ɗan'uwansa ba. Ya ce in da ni na kore shi, da sai mu yi faɗa mu shirya, amma wanda ya kore shi ba ya nan, kuma bakin da ya kore shi ne kaɗai zai iya kiransa. Na yi magiya, na yi fushi, har na zage shi da taurin kai. Ya haye zuwa ƙauyensu a wancan ƙetaren, wurin da idan gari ya yi tsit nake jin kukan zakarunsu.

To ga yadda addinina ya gyaru. Da kifi ya dawo bana, Juma'a ta farko ta same ni da gado cike da tarwaɗa. Na nemi wanda zai tsaya mini. Duk Musulmin da ya san wutar banda shi ma masallacin za shi, wanda kuwa ba za shi ba yana da tasa wutar. Sai na roƙi Uwa, tsohuwar nan mai ƙosai ta bakin mashigi, na kawo ta na nuna mata komai. Baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta, amma ita a saninta wuta idan ba ta ci ba to ba ta aiki. Ta ga hayaƙi kawai yana tashi, ta tausaya mini, ta ƙara itace ta fifita da kyau. Na dawo na tarar da gawayi mai siffar kifi, ita kuma tana zaune tana kuka tana ba ni haƙuri. Ban iya yi mata faɗa ba, sai ma na raka ta gida. Daga ranar ban sake barin wutar ba, Juma'a ta riƙa zuwa tana wucewa ina zaune a bakinta.

Na je na sami Malam Fannami na gaya masa damuwata. Ya tambayi nisan wurin, na faɗa masa, ya ce ai nisan ma kaɗai ya ɗauke mini, in yi Azahar ɗina a inda nake, babu laifi a kaina. Na gode masa, kuma na san gaskiya ya faɗa. Amma ba hukuncin ne yake damuna ba. Ka tuna yadda Baba yake riƙe hannunmu, kai dama ni hagu, mu bi ta ƙofar gari. Tun da na yi wayo, sai ciwo ne yake hana ni Juma'a. Kuma yanzu da babu Saude, babu Inna, Asabe tana ɗakin mijinta, kai kana Gwanja, sahun nan shi ne kaɗai wurin da kafaɗata take taɓa ta wani ɗan Adam. Idan rana ta take a Tudun Goriba, sai in yi alwala in shimfiɗa buzu a bayan gadon banda, in ta da kabbara ni kaɗai, in yi sallama dama babu kowa, hagu babu kowa. Wani lokaci sai in tsinci kaina ina yi wa kifi magana. Ranar Lahadi ta fi ma ciwo, don gindin goribar nan yana nan yadda yake, har gurbin zamansa bai cike ba. Kaɗaici ya dame ni, Yaya, ban taɓa faɗa wa kowa haka ba sai kai.

A farkon watan jiya na kai maƙura. Ranar Alhamis aka kawo kamu mai yawa, na jera shi, da gari ya waye na tsaya ina kallon wutar, na ce ko ta ci ko ta mutu, yau sai na ga masallaci. Na rufe ta da toka yadda zan iya, na sa rigata na kama hanya. Na sami sahu, na ji huɗuba, na sha hannu da mutane, wasu har suna tambaya ko tafiya na yi. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, rabin zuciyata yana bakin banda. A hanyar dawowa ina ta duban sama ko zan ga baƙin hayaƙi, ina shaƙar iska ko zan ji ƙauri. Da na hau tudun sai na ga farin hayaƙi siriri yana tashi a hankali, irin wanda ake so. Kifi a juye, kowane jere a inda ya kamata, an yayyafa ruwa a inda mai ya ɗiga. Na yi sallama, na kewaya bukka, na leƙa bakin ruwa, babu kowa. Sai da na dawo na ga ɗanyen kaba a soke a bakin gadon, ƙulli biyu da jela doguwa.

Na zauna a ƙasa na daɗe riƙe da kabar nan. Ashe duk Juma'a Ranau yana zuwa bakin ruwa ta wancan ƙetaren ya duba ko na fita, ranar kuwa ya hango ni da farar riga a kan hanya. Da Lahadi ta zo ban yi shawara da kowa ba. Na san tafkin da yake kafa gurarsa yanzu, na shiga jirgi na je na kwashe, na zuba kifin a kwando na rufe da ganye na rataye a reshe inda tsari ba zai kai ba, na ɗaura kaba mai ƙulli ɗaya a hannun kwandon. Tun daga nan haka muke. Na koma samun Juma'a, shi ma gurarsa ba ta kwana cike. Amma ban sa shi a idona ba. Yakan tafi kafin in iso, ni ma ina barin tafkin kafin wani ya gan ni. Kamar ɓarayi muke yi wa juna alheri.

Na aika masa ta bakin matarsa, da muka haɗu a kasuwa, cewa wannan wasan yara ya isa, ya dawo mu zauna kamar da. Amsar da ta kawo mini ita ce, tsaron wuta ba tarayya ba ce, taimakon maƙwabci ne, wannan babu wanda ya hana shi. Amma zama a inuwa ɗaya da cin abinci a faifai ɗaya, wannan babban gida, wato kai, ya hana, kuma har yanzu babban gida bai ce komai ba. Ka ji irin mutumin da ka ƙi karɓar kifinsa. Ya fi ni bin maganarka.

Yanzu bari in tambaye ka, kuma kada ka ce na yi rashin kunya. Goron da kake ɗaurewa a huhu kana aikowa har Kano, a hannun wa kake sayensa? Madugu Garba ya ba ni labarin Tonawa masu kawo muku shi daga kurmi, ya ce suna da ranakun da ba sa shiga daji, kuma ku fatake kun san ranakun sarai, kuna jira har su wuce ba tare da kun ce uffan ba. Ya ce akwai ma wanda kake sauka a gidansa, yana ba ka ruwan alwala. Ban ji an ce addininka ya ragu ba, kuma ban yi zaton ya ragu ba. Ni ma Lahadin Ranau ba ta shiga zuciyata ba, gura kawai nake kwashewa.

Abin da nake roƙo ba shi da nauyi a kan jaki. Idan Madugu Garba zai juyo, ka ba shi goro ko ƙwaya biyar ne, ka ce na Ranau ne daga Haladu. Ka haɗa da kalma ɗaya, cewa ka gaishe shi kuma ka janye abin da ka faɗa. Ba sai ka ce ka yi kuskure ba, na san wannan ya fi ƙarfin wuyanka, ka ce kawai ya koma wurin ƙaninka. Ranau ya fara tsufa, idonsa na hagu ya soma yin fari, haye gulbin nan duk mako ba zai daɗe yana iyawa ba. Ni ma gemuna ya yi furfura. Ayari kuwa sai ya shekara kafin ya je ya dawo, don haka idan ka bar wannan ya wuce, ban san ko na gaba zai same mu mu biyu ba.

Ka gaishe mini da Kulu da kyau, ka ce ina godiya da barkonon da ta aiko. Ka shafa kan Isa da Rahmatu, ka ce baffansu na Haɗeja yana sa musu albarka. Asabe da mijinta suna gaishe ku, Malam Fannami ma ya ce a miƙa gaisuwa, Uwa kuma ta ce ka sa ta a addu'a. Na haɗo maka da ɗaurin banda guda, ka karɓa a hannun madugu. Ba zan ɓoye maka ba, na ranar Juma'a ne, ka san hannun da ya juya shi. Duk ranar da na tsaya a sahu ina kiran sunanka da na Baba da na Inna, wannan hannun ne yake riƙe mini wuta. In ka ga dama ka ci, in ka ga dama ka bayar, amma ka aiko da goron.

Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu sake ganin juna kafin ƙasa ta rufe ido. Wassalam.

Ƙaninka mai jiran amsa,
Shu'ibu